Yadda za ka shawo kan kwaɗayin zaƙi da kayan ƙwalam idan kana cin ɗanyen abinci

Wanda ya koma cin ɗanyen abinci, wato 'ya'yan itace da ganyaye da ƙwayoyi irin su almon da riɗi waɗanda zafinsu bai wuce digiri 42 zuwa 48 a ma'aunin Selshiyos ba, yakan fara da ƙarfin gwiwa. Kwanakin farko jiki sakayau. Daga nan sai wani yammaci ko tsakar dare rai ya soma biya masa biskit, ko cakulan, ko soyayyen dankali, ko lemon kwalba mai sanyi, kuma kiran ba ya jin rarrashi. In ya ci, sai ya ɗora laifin a kan raunin zuciyarsa, washegari ya ƙara ƙuntata wa kansa, da dare kwaɗayin ya dawo da ƙarfin da ya fi na jiya.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, a tsarin ɗanyen abinci mafi yawan wannan kwaɗayin yunwa ce ta gaske, ko da ciki a cike yake. Sauran kuwa sabo ne, da gajiya, da abin da ido ke gani. Shi ya sa na jera matakan nan bisa nauyinsu. Wanda ya tsallake na farko ya tafi neman dabarun danne zuciya, wahalar banza zai sha.

Mataki na 1: Auna abin da kake ci, kada ka dogara da cikar ciki

Ɗanyen ganye da 'ya'yan itace yawancinsu ruwa ne. A lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram 100 na latas ko kokwamba 15 ne kacal, tumatir 18, kankana 30. Babban kwano na salak mai nauyin rabin kilo, in ba a zuba masa mai ba, bai kai kalori 100 ba, alhali baligi yana bukatar kimanin 2,000 a rana, mai aikin ƙarfi ko mai babban jiki ya fi haka. Da kankana kaɗai za ka nemi wannan adadin, sai ka cinye fiye da kilo 6. Ayaba ta fi su nauyi, matsakaiciya tana da kusan kalori 105, amma ko ita sai ka ci wajen 19 kafin ka cika lissafin yini. Ga kuma wani abu: dahuwa tana sassauta sitaci da furotin yadda hanji zai iya tatsar ƙarfin da ke cikinsu sosai. Ɗanyen abinci yakan wuce da wani kaso nasa ba a narkar ba, don haka abin da ya shiga jini bai kai abin da ya shiga baki ba.

An ga sakamakon haka a jikin mutane. Masu bincike a Jami'ar Giessen ta ƙasar Jamus sun fitar da rahoto a 1999 a kan mutum 513 da suka daɗe suna cin ɗanyen abinci. Maza sun rage kusan kilo 10 a matsakaici, mata kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Jiki yakan dakatar da al'ada idan ya ga abin da ke shigowa ba zai isa ba.

Abin da yunwa mai tsawo ke yi wa tunani kuwa, an daɗe da saninsa. Tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka, inda aka rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya abinci zuwa kusan rabi har tsawon mako 24. Mutanen nan sun koma ba su da zance sai na abinci, suna mafarkinsa, wasu suna tara littattafan girki, da aka sake musu mara kuma da yawansu suka riƙa ci ba tsayawa. Ba su da wata matsalar kwaɗayi kafin gwajin. Yunwa ce ta mai da su haka. Ƙwaƙwalwar da ta ga ƙarancin abinci takan nemi abin da ya fi tara ƙarfi a ɗan ƙaramin wuri, wato sukari da mai, kuma su ne ainihin ginin kayan ƙwalam.

Ga abin yi. Ɗauki kwana uku, ciki har da rana guda da ba ka aiki, ka rubuta duk abin da ka sa a baki da lokacinsa. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, saboda haka ka nemi ƙaramin sikeli ka auna, sannan ka duba adadin kalorin a ɗaya daga cikin manhajojin waya masu wannan lissafi. A gefe guda ka rubuta lokacin da kwaɗayi ya taso da abin da rai ya biya maka. Mutane da dama a nan suke ganin cewa sun wuni a kan kalori 1,000 ko 1,200, kuma kwaɗayin yana zuwa ne awa uku ko huɗu bayan abincin da ba shi da mai ko kaɗan. In haka naka lissafin ya nuna, ka gano tushen matsalar. Ba sai ka ci gaba da ƙirga har abada ba, kwana ukun sun isa su buɗe maka ido.

Mataki na 2: Gina kowane abinci yadda zai riƙe ka

Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sukari ko furotin 4. Don haka mai shi ne hanya mafi sauƙi ta cike giɓin ba tare da ka cusa wa ciki abin da ba zai ɗauka ba. Piya matsakaiciya tana da wajen kalori 240. Cikin tafin hannu na almon, kimanin giram 30, yana da kusan 170 da giram 6 na furotin. Babban cokali na man zaitun da aka tatse ba da zafi ba 120 ne. Kwakwa, riɗi, yazawa da 'ya'yan kabewa duk suna wannan sahun. Mai da furotin suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, sukarin 'ya'yan itacen da ka ci tare da su sai ya shiga jini a hankali maimakon ya hau lokaci guda ya faɗo.

Furotin shi ne wanda masu wannan tsari suka fi sakaci da shi. Ƙa'idar da likitocin abinci ke amfani da ita ita ce giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 60 yana bukatar giram 48 a rana. Ayaba guda giram ɗaya da ɗan kai take bayarwa. Wanda ya wuni a kan 'ya'yan itace zalla bai kusanci adadin ba, kuma ƙarancin furotin yana barin mutum da wata irin ƙawa wadda ba ya sanin me yake nema, sai ya yi ta tsince-tsince.

Tsarin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: kada ka zauna cin abinci sai akwai abu uku a gabanka, mai zaƙi ko sitaci, mai maiƙo, da ganye. Da safe, a misali, ayaba uku da aka markaɗa da cikin tafin hannu na almon da aka jiƙa tun dare da ɗan alayyafo. Da rana babban salak da piya guda, da karas, da 'ya'yan kabewa, da miyar da aka yi da niƙaƙƙen riɗi da lemon tsami, sannan mangwaro ko gwanda. Da la'asar, kafin lokacin da kwaɗayi ya saba zuwa, tuffa da ƙwayoyi. Wannan na la'asar ɗin kada ka raina shi. Rubutun da ka yi a mataki na farko ya riga ya gaya maka sa'ar da abin ke tasowa, sai ka riga shi da minti talatin.

Kada ka manta da gishiri. Ɗanyen abinci ba shi da gishiri sosai, kuma wanda ke zufa ya daina cinsa kwata-kwata zai iya jin kasala da jiri da son abu mai gishiri-gishiri. Ɗan barbaɗe a kan salak yakan kashe marmarin soyayyen dankali fiye da duk wata nasiha. Mai hawan jini ya bi adadin da likitansa ya yanka masa.

A nan dole in ja kunne, domin neman furotin da sitaci yakan kai wasu ga abin da ba a cinsa ɗanye. Jan wake yana da guba wadda sai tafasa ke kashewa, ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su jawo amai da gudawa, jiƙawa kaɗai ba ta wadatar ba. Ɗanyen rogo yana ɗauke da sinadarin da ke zama gubar sayanaid. Tsiron ƙwayoyi kuwa, wanda masu wannan tsari ke ƙauna, yana girma ne a ɗumi da laima, daidai yanayin da ƙwayoyin cuta ke so. Annobar ƙwayar cutar E. coli da ta ɓarke a Jamus a 2011, wadda ta kashe fiye da mutum 50, daga tsiron hulba ta fito. Mai ciki, da yaro, da tsoho, da mai raunin garkuwar jiki su guji ɗanyen tsiro.

Mataki na 3: Ci ɗan itacen da kansa, ka yi hattara da ruwansa da busasshensa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa sukarin da aka ware daga mazauninsa, irin wanda ake zubawa a abinci da abin sha, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, in ma ya sauka ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali 6, ya fi. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba mai mililita 330 yana da wajen giram 35. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, hukumar ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse a cikin wannan lissafin, amma ba ta sa ɗan itacen da aka ci sukutum ba. Dalili kuwa, tauna da zare-zaren da ke jikin ɗan itacen suna rage saurin shigar sukari, suna kuma ƙosarwa. Kofi ɗaya na ruwan lemon zaƙi yana da sama da giram 20 na sukari, ka shanye shi cikin minti ɗaya ba ka ji ka ci komai ba.

Saboda haka lokacin da zaƙi ya biya maka, ci ɗan itace nunanne har ka ƙoshi, ba tare da jin ka yi laifi ba. Inda nake da ja shi ne kayan zaƙin da ake kira na ɗanye, irin dunƙulen dabino da garin koko da man kwakwa da zuma. Giram 100 na busasshen dabino yana da fiye da giram 60 na sukari. A makonnin farko irin waɗannan suna da amfani, sun fi ka koma wa cakulan na kanti. Amma wanda ya mai da su abincin kullum, harshensa yana nan a inda yake, kwalin kawai ya canza. Ka ɗebi dabino biyu ko uku a faranti, ka haɗa da ƙwayoyi, ka rufe sauran ka ajiye kafin ka fara ci.

Haƙora ma suna da haƙƙi. Tsamin lemo da abarba yana cin fatar haƙori, busassun 'ya'yan itace kuma suna manne masa. Kurkure baki da ruwa bayan ci, ka jira kamar rabin awa kafin ka goge.

Mataki na 4: Fitar da su daga inda hannu zai kai

Kayan ƙwalam na masana'anta ba haka kawai aka haɗa su ba. Kamfanoni suna gwada adadin sukari da gishiri da mai har sai sun samu ma'aunin da ya fi jan baki. A 2019 Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya ajiye mutum 20 na tsawon wata guda, mako biyu a kan abincin da masana'anta ta sarrafa matuƙa, mako biyu a kan wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. An daidaita sukari da mai a abincin da aka gabatar musu, duk da haka sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana a makonnin abincin masana'anta, suka ƙara kusan kilo ɗaya.

Abin da aka tsara don ya rinjaye ka, ba hikima ba ce ka ajiye shi kusa da kai kana gwada juriyarka kullum dare. Kwashe su daga kicin, da durowar wurin aiki, da mota, da jaka. In kana zaune da waɗanda ke cin su, ku yi magana a ware musu wuri rufaffe wanda ba ka buɗewa. A gurbinsu, abin da ido zai fara gani in ka buɗe firij ya zama wankakken ɗan itace da yankakken karas da kwanon miyar riɗi. Kada ka shiga kanti da yunwa, kada ka fita daga gida ba guzuri. In kuma hanyarka ta komawa gida tana bi ta gaban wurin da ka saba tsayawa, canza hanya na ɗan lokaci.

Mataki na 5: Abin yi a lokacin da kwaɗayin ya taso

Fara da tambaya ɗaya: da za a miƙo mini tuffa da almon yanzu, zan ci? In amsar e ce, yunwa kake ji, tashi ka ci abinci sosai, magana ta ƙare. In kuwa rai ya ce a'a, cakulan kaɗai, to wannan sabo ne ko damuwa, kuma maganinsa daban.

Irin wannan kwaɗayin yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa, sau da yawa cikin minti 15 zuwa 30. Alan Marlatt, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington, ya koyar da masu fama da shaye-shaye wata dabara a kan haka, kuma tana aiki a kan abinci. Maimakon ka yi kokawa da tunanin, sai ka tsaya ka lura da shi: a ina nake jinsa, a baki, a ƙirji, ko a ciki? Yana ƙaruwa ne ko ya fara raguwa? Ka ce wa kanka ba hana ka aka yi ba, jinkiri ne na minti ashirin. Cewa har abada ba zan ƙara ci ba ita ce ke tunzura zuciya.

A cikin mintunan nan, motsa. Masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun nuna a 2009 cewa tafiyar sauri ta minti 15 tana rage marmarin cakulan ga waɗanda suka saba cinsa kullum. Sha ruwa, ka bar ɗakin da kake, ka kira wani. Sannan ka koma wa rubutunka ka duba abin da ya gabaci kwaɗayin. In kullum bayan gardama ne, ko lokacin kaɗaici, ko da zarar ka zauna gaban talabijin, to abin da kake nema hutu ne ko abokin hira, biskit ɗin ɗan rakiya ne kawai. Nemi wannan bukatar ka biya ta kai tsaye.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: wani lokaci ɗumi ake nema. Wanda ya wuni yana cin abu mai sanyi yakan yi marmarin abin da zai ɗumama ciki, sai ya ɗauka soye-soye yake so. Ruwan ɗumi da citta, ko miyar ganye da aka markaɗa aka ɗan ɗumama ba ta wuce iyakar zafin ba, sukan wadatar.

Mataki na 6: Barci

A 2004 an gwada samari 12 a Jami'ar Shikago, aka taƙaita barcinsu zuwa awa huɗu dare biyu a jere. Girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, ya hau da kashi 28 cikin 100, leftin mai sanar da ƙoshi ya sauka da kashi 18, kuma abin da suka fi marmari shi ne kayan zaƙi da masu gishiri da masu sitaci. Nemi awa bakwai ko fiye. Ka ci abincin dare mai nauyi, domin yunwa kanta tana hana barci, sai abu biyun su riƙa ciyar da juna.

Mataki na 7: Ba wa abin lokaci, ka kuma shirya wa ranar da za ka zame

Harshe yana sabawa. A Cibiyar Monell da ke Philadelphia, an rage wa wasu mutane sukari na tsawon wata uku, kuma rahoton da ya fito a 2016 ya nuna sun koma jin zaƙin abinci fiye da da. Amma son zaƙin bai gushe musu ba, don haka kada ka jira ranar da za ka tsani cakulan. Abin da za ka samu shi ne mangwaro zai fara isarka. Sabon hali kuwa, binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna yakan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zauna, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Ranar da ka ci abin da ba ka yi niyya ba, abinci na gaba ka ci shi cikakke a kan lokacinsa. Kada ka rama da ƙin cin abinci, kada ka ce sai ka wanke ciki da ruwan 'ya'yan itace na kwana biyu. Ramuwar ita ce ke kiran zamewa ta gaba.

In kuwa ka gyara duk waɗannan har mako uku ko huɗu, amma kullum dare sai ka ƙare a kan kayan kanti, to shawarata ita ce ka ƙara dafaffen abinci guda ɗaya mai sauƙi a yini, kamar dafaffen dankali, ko wake, ko shinkafa da ganye. Na san masu tsananin riƙo ba za su so jin haka ba. Amma ka tuna abincin da ya sa mutanen gwajin Kevin Hall suka rage ci dafaffe ne, sarrafawar masana'anta ce kawai babu. Wanda kashi 70 ko 80 na abincinsa ɗanye ne kuma hankalinsa a kwance, ya fi lafiya a kan wanda yake ɗanye zalla da rana, biskit da dare.

Inda ya kamata likita ya shigo

Wanda ba ya cin nama da ƙwai da madara dole ya sha ƙwayar bitamin B12, domin tsirrai ba sa bayar da shi yadda za a dogara, ƙarancinsa kuma yana lalata jijiyoyi a hankali ba tare da sanarwa ba. Yana da kyau a riƙa gwada jini a duba sinadarin ƙarfe na jini da bitamin D da B12 ɗin, tunda kasalar da ƙarancinsu ke kawowa ita ma takan tura mutum neman sukari. Mai ciwon sukari, musamman mai allurar insulin, kada ya sauya abinci irin haka sai da sanin likitansa, kuma in ya ji rawar jiki da zufa da jiri, wannan saukar sukarin jini ce, a take ake shan abu mai zaƙi, ba a jinkirta ta minti ashirin. Mai ciki da mai shayarwa da yara ƙanana, ɗanyen abinci zalla bai dace da su ba.

Alamomin da ke cewa a tsaya a je asibiti su ne ɗaukewar al'ada, zubar gashi, jin sanyi kullum, rama da ba ta tsayawa, da ci mai yawa a ɓoye wanda kunya ko janyo amai ke biyo bayansa. Wannan na ƙarshen ciwo ne da ake yi wa magani, kuma tsarin abinci mai tsauri yana ƙara shi. Ka tafi da takardar nan ta kwana uku da ka rubuta a mataki na farko, za ta taimaka wa likitan ya ga abin da kake ci da lokacin da matsalar ke tasowa.